Koriyar Fitilar Alhaji Dannau

Idan baƙo ya tambayi abin da Goronyo take taƙama da shi, wasu za su kai shi ya ga dam, wasu su ja shi kasuwa ya shaƙi albasa har idonsa ya kawo ruwa. Duk sun ɓata masa lokaci. Abin da ya kamata a nuna wa baƙo shi ne Alhaji Maccido, bawan Allahn da ya shigo da zamani garin nan da babban yatsansa kaɗai. Dam ruwa kawai yake tarewa. Alhaji kuwa ya tare mutum, ya tare akuya, ya tare kaza, har iska sai ta yi sallama kafin ta ratsa tsakar gidansa.

Allah ya buɗa masa ne ta kwangilar yashe magudanan ruwa na gonakin rani. Aiki ne da ya yi cikin tausayi ƙwarai, don ciyawar da ya tarar a magudanan har gobe tana nan cikin ƙoshin lafiya, ta yi 'ya'ya da jikoki. Daga nan ya faɗa fataucin albasa, ya yi ciki, ya yi wuya, ya rushe gidan ƙasar da ubansa ya bari ya ɗora na siminti mai katangar da ko ɗan tsako bai san akwai duniya a bayanta ba. Ɗaki ɗaya kawai ya ƙyale a kusurwar baya, na mahaifiyarsa Inna Kulu, shi ma don ta zauna a bakin ƙofarsa ranar rushewa ta ƙi motsi.

Ba na cewa tsoro ba shi da dalili a ƙasar nan. Kowa ya san abin da mutanen ƙauyuka suke gani, kowa kuma yana kulle ƙofarsa da addu'a. Sai dai tsoron Alhaji irin na manya ne, tsoro mai son a gani. Ya ɗauko wani mai haɗa na'urori daga Sakkwato, Zayyanu, ya kafa masa babban akwati a falo da jiniya a kan soro, wadda in ta tsandara ihu sai jakunan kasuwa su amsa. Da farko ƙofar gida da sito kawai aka ja wa waya. Da an tsaya nan, da babu labari.

Ranar da Zayyanu ya dawo duba aikinsa, ya yi suɓul da baka. Ya ce ai yanzu an daina jan waya, akwai ƙari na wayalas: ɗan farin abu ne kamar sabulun wanka, a manna shi a bango ko a jikin ƙyaure, ya riƙa gulma da babban akwati ta iska. In abu ya gilma ko ƙofa ta motsa, jiniya ta tashi, wayar hannun maigida ta nuna jar fitila. In lafiya lau, fitila koriya. Kuma akwai rimot, wanda mutum zai kunna tsaro ko ya kashe, ya buɗe get ko ya rufe, yana tsaye can nesa hannu a aljihu.

Alhaji ya ji kalmar nan ta shige shi har ƙashi. Mutanen gari suka sa wa fararen abubuwan suna idanu, Alhaji kuma ya shiga dasa idanu kamar mai dashen albasa a fadama. Zaure ya samu, madafi ya samu, garken awaki, rumbun gero, rumfar da ake shanya albasa, har randar zaure, wai kada a sha ruwa ba da saninsa ba. Da aka ce sigina ba ta kaiwa bayan gida, aka hau darbejiya aka ɗaure mata wani akwati mai tura ta gaba. Darbejiyar da ta shekara da shekaru tana ba da inuwa kyauta, ita ma ta samu aikin gadi.

Rimot kuwa da yawa suka zo, don masu ƙera abin, a rashin wayonsu, sun ɗauka kowane babba a gida zai riƙe guda. Alhaji ya gyara musu kuskure, ya sa Zayyanu ya ba kowanne aikinsa daban. Ya kai wa baduku ya ɗinka wa kowanne riga da jar fata, aka zura su a tsirkiya ɗaya, ya rataya a wuya a kan babbar riga. In yana tafiya suna karo da juna, ƙwas ƙwas, sai ka ji zuwansa kafin ka gan shi. Tun daga nan 'yan kasuwa suka daina cewa Alhaji Maccido. Wasu suka ce Sarkin Maɓalli, wasu suka ce Gwamnan Get, amma wanda ya zauna daram shi ne Alhaji Dannau. Shi ma ya ji, ya ɗauka sarauta ce, har yana ɗaga hannu in an kira.

A rumfar dillalai yakan miƙe ƙafa ya yi wa jama'a karatu.

"Ku dai kuna nan kuna kiwon karnuka," in ji shi, yana shafa rimot. "Kare mi shi ka yi? Shi ci tuwo, shi yi barci. Wagga aba ba ta ci, ba ta sha, ba ta da ɗan'uwa balle a haɗa baki da ita. Ina nan zaune cikinku, amma gidana na cikin aljihuna. Ko ƙuda yat tashi daga madahi zuwa zaure, sai an sanar da ni. Ilimi na, ba kuɗi ba. Ko Turawan da sunka ƙera ta, sun ce ba su taɓa ganin mai amfani da ita irina ba."

Ba wanda ya tambaye shi a wace kasuwa suka haɗu da Turawan.

To, akwai wata 'yar ƙofa a katangar baya, dab da ɗakin Inna Kulu. Ta nan duniyar tsohuwa take shiga da fita. Ta nan Asabe maƙwabciyarta, ƙawarta tun suna amare, take shigowa da hantsi su zauna suna ɓarar gyaɗa suna gyara zaman unguwa. Ta nan mata suke zuwa ɗibar wuta, ko neman saiwar da ake jiƙa wa mai jego, ko kawai su kawo kuka a rarrashe su. Ta nan Inna take fita barka da gaisuwar mutuwa, ba ta taɓa tambayar kowa ba, don lokacin da ta fara bin ƙofar nan mai gidan yana goye a bayanta. Alhaji ya zaga wata rana ya ga ƙofar, ya girgiza kai, ya ce wannan ai ɓaraka ce a tsarin tsaro. Aka manna mata ido.

Washegari da hantsi Asabe ta turo ƙyaure da ƙwaryar fura a hannu, bakinta ɗauke da sallama. Sallamar ba ta ƙarasa fita ba jiniya ta karɓe. Tsohuwa ta zube a nan, fura ta bi ƙasa, ƙwarya ta rabe biyu. Maza suka fito da sanduna suna tambayar ina ɓarawon, suka tarar da Asabe a zaune cikin fura tana salati. Alhaji ya iso daga kasuwa yana haki, ya dubi tsohuwa, ya dubi idon da ke bango, fuskarsa ta cika da annuri.

"Kun gani ko? Kun gani da idonku! Ko daƙiƙa ba ta ɓata ba. Yau da ɓarawo na, da tuni shina hannu."

Asabe ta tattara zaninta ta koma gida, ba ta sake taka ƙofar ba. Sauran mata suka ji, suka koma ɗibar wuta a wani gidan. Tsakar ɗakin Inna ta yi tsit, sai kukan akuyarta. In tana son fita, sai an aika a nemo Alhaji ya danna. Ranar da wata 'yar'uwarta ta rasu a cikin gari, Inna ta yafa mayafi tun safe ta zauna a bakin ƙofa tana jiran a buɗe. Alhaji yana Rabah yana yi wa wasu 'yan kasuwa bayanin amfanin wayalas, ya kashe ƙarar wayarsa don kada a katse masa jawabi. Aka kai mamaciya, aka dawo, aka watse, Inna tana zaune da mayafinta. Abin nan ya ƙona ran duk wanda ya ji, ni ma da nake ba ku labari har yanzu yana ƙona mini.

Wani zai ce me ya hana ta kira ɗanta ta wanke shi tas? Wanda ya faɗi haka ba ɗan nan ba ne. Alhaji ɗan fari ne. Tun da ta haife shi Inna Kulu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta kai masa ƙara, ba ta roƙonsa. In ya durƙusa gaishe ta da safe, takan juya fuska ga bango ta amsa a taƙaice. In dole ta ambace shi, sai ta ce "mai gidan ga". Kunya ce ta iyaye, kowane yaro a ƙasar nan ya san cewa shirun uwa ga ɗan fari sai an saurare shi da kunnen basira. Alhaji ya saurara da rimot, ya ji shiru, ya ce Inna ta gamsu.

Matarsa Sa'adiyya ce ta yi ta maza ta tare shi.

"Alhaji, ka ba Inna rimot guda, ko a cire abin ga daga ƙohwatta. Mode ya daɗe shina roƙon ta koma wurinai Marnona. In tat tahi, da wane ido za ka dubi mutane?"

Mode ƙanensa ne, manomin gero, gidansa na ƙasa ne da dangar kara. Kuma Sa'adiyya ba ta faɗi ƙarya ba. A nan ana yafe wa mai kuɗi rowa, ana yafe masa kwangilar da bai yi ba, amma a ce uwarsa ta tattara ta bar gidan siminti ta koma bukkar ƙane, wannan ba ya wankuwa. Ko ya gina masallaci, da wannan abin kunya za a riƙa kwatanta shi.

Alhaji ya dube ta da tausayin da masana suke yi wa jahilai.

"Rimot a hannun tsohuwa? Ta ɗaure shi bakin zane tare da goro? Ke dai ba ki san tsaro ba. Inna kulawa ta ka so, kuma za ni ba ta kulawar da ba a taɓa ba wata uwa ba tun daga Wurno har Rabah."

Kulawar ita ce ido na musamman, a cikin ɗakin Inna, saman gadonta na ƙarfe. Zayyanu ya saita shi yadda ba zai ta da jiniya ba sai an kunna cikakken tsaro, amma kowane motsi zai nuna a wayar Alhaji. Daga ranar aka sauƙaƙa wa bawan Allah wahalar durƙuso. Me zai kai babban mutum ya ratsa tsakar gida da sassafe, ya tsuguna a gaban ƙofa gwiwa tana ƙara, alhali ga uwar tasa a tafin hannu? Sai ya buɗe ido a kan gado, ya latsa waya, ya ce Inna ta kwana lafiya, ya juya. Abin da ya dame shi kawai shi ne yawan jar fitila. Tsohuwa ta tashi alwala, ja. Ta miƙa hannu ta ɗauki carbi, ja. Har ya aika Sa'adiyya ta gaya mata ta rage yawo a ɗaki, tana cinye batir.

Sa'adiyya ba ta kai saƙon ba, amma bango yana da kunne tun kafin a sa masa ido.

Ranar kasuwa aka zo lodin albasa. Babbar mota ta tsaya a ƙofar gida, Alhaji ya fito da wasu baƙi 'yan sari don su ga yadda ake buɗe get a zamanance. Ya tsaya a gabansu, ya ba get baya, ya ɗaga rimot ta kan kafaɗa, ya ce su lura, ko dubawa ba zai yi ba. Ya danna. Tsaro ya mutu, get ya ja da kansa. A daidai lokacin Inna Kulu ta fito ta bayansa, da ƙunshin kayanta a ka da butarta a hannu, tana takawa a hankali. Baƙin suka ga dattijuwa, suka rusuna gaba ɗaya kamar yadda aka koya musu a gida. Alhaji ya ga manyan mutane sun rusuna a gabansa, ƙirjinsa ya buɗe.

"Ku tashi, ku tashi," in ji shi. "Ba komi, ikon Allah na da ilimi."

Mode yana jira da babur a bakin lungu. Ya ɗora ta, suka kama hanyar Marnona.

Tun daga ranar fitilar ɗakin Inna ta zauna koriya shar, ba ta sake ƙiftawa ba. Alhaji ya yi hamdala, ya ce a ƙarshe tsohuwa ta fahimci ci gaba. Sa'adiyya ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata waya ya ce babu abin da za ta gaya masa game da gidan nan wanda na'ura ba ta riga ta gaya masa ba. Ta rufe bakinta, kuma ban ga laifinta ba. Gari kuwa ya ɗauka da zance tun kafin babur ya fita unguwa, sai dai kowa ya ɗauka Alhaji ya sani, kunya ce ta sa yake basarwa. Wa zai tari mutum da irin wannan magana? Sai aka riƙa gaishe shi da wata irin murya mai laushi, irin ta zaman makoki, shi kuma ya ce kwarjininsa ne ya ƙaru.

Kwarjinin ne ya sa ya shirya walima, wai ta ƙaddamar da faɗaɗa tsaro. Aka kafa rumfuna a ƙofar gida, aka dafa shinkafar fadama da naman rago, aka gayyato mutane daga Wurno da Rabah. Aka bar get a buɗe don baƙi, amma Alhaji ya kunna tsaron ɗakunan ciki duka, don a ga aiki. Ya miƙe da tsirkiyarsa a wuya ya yi jawabi mai tsawo, inda ya raba tarihin Goronyo gida biyu, kafin wayalas da bayan wayalas.

Cikin baƙin akwai Malam Halliru na Wurno, dattijon malami, aminin marigayi mahaifin Alhaji. Shi kaɗai ne labari bai kai wa ba, don ba ya zama inda ake irin wannan hira. Da jawabi ya lafa, ya dogara sandarsa ya ce a yi masa iso, zai shiga ya gaida Kulu, don ba a cin abincin gida ba a gaida uwar gida ba.

Cokula suka tsaya. Wasu suka shiga duban takalmansu.

"Allah shi gafarta Malam, ba sai kun wahala ba," in ji Alhaji, ya zaro waya ya ɗaga sama yadda na baya za su gani. "Ga Inna nan. Kun ga koriyag ga? Hutawa ta ka yi. Wallahi tun da anka haihe ni ban taɓa ganin Inna ta samu natsuwa irin ta kwanakin ga ba. Ko juyi ba ta yi. Wanga shi na biyayya ga iyaye a zamanance, kowa shi koya."

Bai sauke hannu ba fitilar ta koma ja, jiniya ta tsage sama. Jama'a suka zabura, shinkafa ta zube. Alhaji ya dubi waya, murna ta kama shi.

"Ɓarawo! Ɓarawo a ɗakin Inna, da rana tsaka! Ku biyo ni ku ga aiki!"

Ya tattare babbar riga ya ruga, rimot suna dukan ƙirjinsa, manyan baƙi suna biye. Suka iso kusurwar baya. Ga ɗaki a share, babu tabarma, babu buta, babu ko ƙusar rataye mayafi da wani abu a kai. A tsakiya ga Mode, ya fara kwance gadon ƙarfe don ya fitar da shi ta ƙofa. Ya ga get a buɗe ne ya ratsa ta bayan rumfuna ya shigo, bai san da walima ba sai da ya iso, don ba a gayyace shi ba.

"Yaya, sannu da hidima," in ji Mode, yana ɗaga murya saboda jiniya. "Gadon Inna niz zo ɗauka. Bayanta na ciwo bisa tabarma."

"Ina Inna?"

"Tana Marnona mana. Tun ranar da anka yi lodin albasa. Ai kai kab buɗe mata get."

Alhaji ya kai hannu wuya don ya kashe jiniya. Baduku ya yi aikinsa da kyau, rigunan duka iri ɗaya ne. Ya danna wannan, get ya rufe da sauran baƙi a waje. Ya danna wancan, wata jiniyar da ya ƙara a garken awaki ta shigo amshi. Gumi ya wanke masa fuska. Da ƙyar dai ya dace da na daidai, ihun ya tsaya.

Malam Halliru bai ɗaga murya ba.

"Maccido, yaushe rabonka da ka durƙusa bakin ƙohwag ga?"

Mutumin da ya raba tarihin Goronyo gida biyu ya laluba tsirkiyar wuyansa, bai sami abin da zai danna ba. Can ya juya ga ƙanensa, murya ƙasa ƙasa, ya tambaya ko Inna ta ba da saƙo a gaya masa.

"Ta ce a kwanto akuyatta," in ji Mode. "Ta ce kuma a gaida Asabe."

Malam Halliru ya nemi wanda zai kai shi Marnona, ya ce gaisuwar da ya zo da ita ba zai koma da ita Wurno ba. Motocin baƙi suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, aka bar shinkafa tana hucewa a faranti. Mode ya ɗora gado, ya ja akuya, Alhaji da kansa ya danna masa get.

Da kowa ya watse, Alhaji Dannau ya zauna a kujerar babban baƙo ya duba wayarsa. Fitilar ɗakin Inna ta koma koriya. Zayyanu ya yi aiki mai inganci, har yau ba ta sake yin ja ba.